Gidan Sallau, Rabi a Kwakwa Rabi a Gishiri

Lokacin da nake kai albasa kudu, akwai wasu garuruwa biyu a bakin teku da nake yada zango. Manne suke da juna, har baƙo ba ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara. Sunayensu na asali sun fi ƙarfin harshenmu, saboda haka Hausawan zango suka raɗa musu nasu: na gabas Garin Kwakwa, na yamma Garin Gishiri. Teku ɗaya suke kallo, kifi ɗaya suke ci, suna auren juna, amma kowane da hukumarsa. Hukumomin nan kuwa, in ɗaya ta ce yau Talata, sai ɗayar ta kira taro ta tabbatar Laraba ce. A nan na san Sallau mai tsire, mutumin Ƙaura. Abin da zan ba ku, wani da idona na gani, wani daga bakinsa na ji.

Sallau dogo ne siriri, mai sanyin hali. Ko mai saye ya ci tsinke biyar ya ce uku ya ci, ba za ka ji muryarsa ta tashi ba. Ya daɗe yana yawo da tire a ka yana bin masu shan iska a bakin ruwa. Shi da matarsa Ladidi suna haya a wani ɗaki a cikin zango, wanda in an yi ruwan sama sai dai su tattara tabarma su tsaya a lungu. Burinsa ɗaya ne: ya sami ɗan wuri nasa na kansa, ya kafa tukuba a gaba, ya yi ɗaki a baya. Rannan wani tsohon masunci ya yi masa tayin fili a bakin teku, wuri mai kyau, ga iska ga jama'a, a farashin da ko tunkiya mai ciki ta fi shi. Sallau bai tsaya tambayar dalilin arhar ba. Ya haɗa abin da ya tara, Ladidi ta sayar da keken ɗinkinta ta cika masa, aka yi ciniki a gaban shaidu, aka sauke bulo.

Gini ya kai linta, sai ga wani gajeren mutum mai tumbi, da hular kwano, da igiyar awo rataye a kafaɗa. Jami'in Garin Kwakwa ne mai kula da bakin teku, Mai Igiya ake ce masa. Ya iya Hausa irin ta zango. Ya zagaya ginin yana girgiza kai.

Ya ce, "Wa ke da wannan?"

Sallau ya ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Ba ka san dokar garinmu ba? Mu nan teku tana cin ƙasa, duk shekara sai ta lashe wani abu. Saboda haka ba a sa siminti a bakin ruwa. Ka yi da zana, ka yi da katako, ka yi da ganyen kwakwa, abin da in ruwa ya taso za ka ciccibi abinka ka gudu."

Sallau ya nuna masa wani bene fari da ke can gefe. "To ai ga maƙwabcina can ya yi har hawa biyu."

"Wancan Garin Gishiri ne."

"Ni fa?"

Mai Igiya ya warware igiyarsa, ya ɗaura a wani turke da yashi ya kusa binnewa, ya jawo ta ya shigo cikin ginin, ya sa dunduniya ya ja layi a tsakiyar ɗakin daidai. Ya ce, "Daga nan zuwa nan, kai namu ne. Daga nan zuwa can, ba ruwana da kai."

A ranar Sallau ya gane dalilin arha. Ya nemi tsohon masuncin, aka ce ya koma ƙauyensu wajen jikokinsa.

Mutum ne da ba ya son tashin hankali. Ya ce da Ladidi, tunda abin haka ne, gara a sauke bulon baki ɗaya a yi na zana, kowa ya huta. Sun fara saukewa ke nan sai ga wani dogo mai farar riga, da gwangwanin jan fenti da buroshi a hannu. Wannan kuma jami'in Garin Gishiri ne, Mai Fenti. Ya ga zanar da aka jingine, ya yi kamar ya ga gawa.

"Me za a yi da wannan?"

"Ɗaki, yallaɓai."

"A bakin tekunmu? Mu baƙi muke nema, masu zuwa shan iska su kashe kuɗi. Dokarmu ta ce ba bukka, ba rumfa, ba zana. Bulo da siminti, da farin fenti, da rufin kwano. In na ga kara ɗaya a ɓangarenmu, jan fentin nan zan sa maka."

Sallau ya ce, "Amma na can ya ce kada in sa siminti."

Mai Fenti ya ce, "Na can bai san aikinsa ba."

Haka aka yi gidan da ba a taɓa yin irinsa ba. Rabinsa na yamma bulo ne, fari tas, da kwano yana ƙyalli. Rabinsa na gabas zana ce da ganyen kwakwa. A tsakiya aka haɗe su da waya da leda. In ka zo daga Gishiri sai ka ce gidan wani ɗan kwangila ne. In ka zo daga Kwakwa sai ka ce wurin ɗaure jaki.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Gishiri ta ce ƙofar kowane gini ta kalli teku, don ya yi kyau a hoto. Kwakwa ta ce ƙofa ta kalli tudu, don hanyar gudu. Sallau ya fitar da ƙofa biyu, iska ta sami hanyar wucewa, ta shiga nan ta fita can, ta tafi da hularsa, ta tafi da murfin tukunya. Gadonsu kuwa ba inda zai zauna sai a kan layin, kai a Gishiri, ƙafa a Kwakwa. Ladidi ta ce ita tun da take ba ta taɓa yawan tafiya irin ta bana ba, juyi ɗaya ta yi a kan katifa sai ta bar gari.

Duk da haka suka tare. Ranar na je yi musu barka, na tarar da Ladidi tana share ɓangaren siminti tana waƙa. Sallau ya kama hannuna ya kai ni jikin bangon ya ce in taɓa. Na taɓa. Ya ce, "Nawa ne." Idonsa ya cika da ƙwalla.

Da ya kafa tukuba, sai wata sabuwa ta ɓullo. A Kwakwa an yarda a hura wuta a bakin ruwa, saboda masunta suna banda kifi, amma ba a yarda a ajiye benci ko tebur ba, wai suna tare hanyar masu jan komar kamun kifi. A Gishiri kuma ka jera kujeru har inda ƙarfinka ya ƙare, amma hayaƙi haramun ne, yana damun baƙi. Sallau ya ce wannan mai sauƙi ce. Ya sa tukuba a Kwakwa, ya sa benci a Gishiri. Mai saye ya biya a gari ɗaya ya ci a ɗayan. Abin ya ba mutane sha'awa, ciniki ya buɗe, har masu motoci suna zuwa don su ce sun ci tsiren gari biyu.

Sai dai hayaƙi ba ya karanta allon iyaka. Ranar da iska ta juya yamma, sai ga Mai Fenti yana toshe hanci.

"Hayaƙinka ya shigo garinmu."

"Yallaɓai, a Kwakwa na hura wutar."

"Ban tambaye ka inda aka haife shi ba. Inda na same shi nake magana."

Daga ranar Ladidi ta sami sabon aiki. In iska ta juya, sai ta tsaya a kan layi da babban faifai tana kore hayaƙi tana mai da shi gabas. Mai Igiya kuma da ya ga wani mai saye ya zauna a benci ya miƙe ƙafafunsa sun tsallaka Kwakwa, sai ya ce ƙafar mai zama a benci ita ma benci ce. Sallau ya koma yana roƙon masu saye su naɗe ƙafa.

Duk wannan ana iya zama da shi. Abin da ya ɓata lamarin damina ce. Aka yi wata iska mai ƙarfi, teku ta yi ambaliya, da ta koma ba ta koma inda take ba. Ta ci wani yanki na gaɓar ta zauna. Kowane gari yana da tazarar da ya ce a bari tsakanin gini da ruwa, amma Kwakwa tana awo ne lokacin da ruwa ya cika, Gishiri kuma lokacin da ya janye. Mai Fenti ya zo da hantsi ruwa ya janye, ya auna ya ce lafiya lau. Mai Igiya ya zo da yamma ruwa ya cika, ya auna ya ce an shiga hurumin teku.

"Ka ja rabinmu baya."

"Yallaɓai, gida ɗaya ne fa."

"Shi ya sa muka ce a yi da zana. Ciccibi."

Aka tara samarin zango, aka kwance waya, aka ɗauki rabin gidan Sallau kamar ana ɗaukar makara, aka ajiye shi can baya kusa da wata bishiyar kwakwa. Rabin bulo ya saura shi kaɗai, gefensa na gabas a hangame, gado rabi a ciki rabi a waje. Masu wucewa suna ganin komai, har madubin Ladidi. A lokacin kuma tana da ciki, ya fara nauyi. In tana son ruwan sha, randa tana can ɗaya rabin, sai ta taka yashi mai zafi ta je ta dawo.

Washegari Mai Fenti ya iso. Ya ce gini mai bango uku kango ne, kango kuwa abin kunya ne ga Gishiri. A toshe shi da bango na huɗu kafin ya dawo. Sallau ya sayar da bencinsa biyu da rediyonsa, ya kira birkila, aka ja bango a kan layin daidai, aka shafe, aka yi fenti. Ya yi ajiyar zuciya ya ce yanzu kam an gama.

Mai Igiya ya zo ya ɗaura igiyarsa. Igiyar ta bi ta tsakiyar kaurin bangon. Ya ce, "Fuskar cikin ta Gishiri ce. Fuskar waje tamu ce. Siminti a Kwakwa."

"Yallaɓai, faɗin hannu ne fa."

"Doka ba ta ce siminti mai yawa ba. Siminti ta ce."

Sallau ya ari guduma da kurfi, ya zauna yana sassaƙe bangon kamar mai sassaƙa turmi, har ya cire rabin kaurinsa. Hannunsa duk ya yi bororo. Da ya gama, Mai Fenti ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa ya saurara.

"Wannan bango ne ko waina? Bai kai kaurin da dokarmu ta ce ba. Ka ƙara."

"In ƙara ta ina?"

"Ta inda ka rage."

A ranar ne na ga Sallau ya zauna a kan yashi ya haɗa kai da gwiwa. Ladidi ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfinmu. Ka tashi ka je wajen Sarkin Zango."

Sarkin Zango, Alhaji Barau, dattijo ne da ya yi suna wajen sasanta mutane. Ya sasanta mahauta da masu shanu, ya sasanta direbobi da 'yan kamasho. Ya saurari Sallau har ƙarshe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Matsalar ita ce mutanen nan biyu ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Duk wanda ka ga yana gaba da wani, ba su ci daga kwano ɗaya ba ne. Ka yanka rago, ka yi musu tsire mai kyau, ni zan kawo maka su."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, kana ganin za su daidaita?"

"In sha Allahu, sai sun daidaita."

Aka shimfiɗa tabarma a kan layin, don kada wani ya ce an kai shi garin wani. Mai Igiya ya zauna ta gabas, Mai Fenti ta yamma, kowa yana kallon wani wuri. Sallau ya yi tsiren da bai taɓa yin irinsa ba, ƙuli ya ji, yaji ya ji, mai yana ɗiga. Aka fara ci. Can sai Mai Fenti ya ce a miƙo masa albasa, Mai Igiya ya miƙa. Daga nan hira ta ɓarke. Ashe matansu 'yan ƙauye ɗaya ne. Ashe dukkansu hukuma tana riƙe musu albashi. Ashe dukkansu ciwon baya ke damunsu. Suka yi ta dariya suna tafawa, Alhaji Barau yana kallon Sallau yana gyaɗa kai.

Da aka wanke hannu, Mai Igiya ya gyara murya ya ce, "Sarki, mun gode. Gaskiya mun daɗe muna gaba a banza. Yau mun duba, mun ga duk rigimar da ke tsakaninmu wannan gidan ne ya kawo ta."

Mai Fenti ya ce, "Haka ne. Saboda haka mun yi shawara, baki ɗaya, a rushe shi."

Alhaji Barau ya dafe kai. Mai Fenti ya tashi ya zana jan fenti a farin bangon, Mai Igiya ya riƙe masa gwangwani. Da za su tafi har suka tambaya ko akwai sauran nama a ƙunsa musu.

Rushewar ma sai da aka yi mata taro. Garuruwan biyu katafila ɗaya ce tsakaninsu, ba ta biyu. Ita katafilar ta Gishiri ce, amma direbanta ya yi ritaya ba a ɗauki wani ba. Kwakwa ba ta da katafila, amma tana da direba da yake karɓar albashi yana zaune a ƙarƙashin mangwaro, kuma tana da gas. Zumuncin da aka ƙulla a kan tabarmar Sallau shi ya haɗa su. Gishiri ta ba da mota, Kwakwa ta ba da direba da mai.

Ina nan ranar da ta zo. Tun daga nesa ake jin rurinta, ƙasa tana rawa. Mutanen zango suka fito, masunta suka bar komarsu. Sallau da Ladidi sun riga sun kwashe kayansu sun tara a kan yashi: katifa, tukwane, randa, madubi. Ba a daɗe ba. Katafilar ta sa cokalinta ta ture bangon da aka sassaƙe, sauran suka bi shi, kwano ya lanƙwashe. Ta juya ta bi ta kan rabin zana, shi kam ko ƙara bai yi ba. Ladidi ta rufe fuska da mayafi tana kuka mara sauti. Sallau yana tsaye hannu a baya. Na matsa kusa da shi. Ya ce, "Keken ɗinkinta ne ke damuna."

Aiki ya ƙare, direba ya leƙo ya ce ta ina zai fita.

Mai Fenti ya ce, "Ta yamma mana. Motarmu ce, gida za ta koma."

Mai Igiya ya ce, "Da wane man? Man da ke cikinta namu ne. Ta bi ta gabas, mu zuƙe abinmu, sannan ku zo ku ɗauki ƙarfenku."

"Motar Gishiri ba ta kwana a Kwakwa."

"Direban Kwakwa kuma ba ya tuƙi a Gishiri sai da izini."

"Ai da safe ya tuƙo ta daga can!"

"Na zuwa aka ba shi, ba a ba shi na komawa ba."

Zumuncin tsire ya ƙare a nan. Murya ta tashi, aka fara tono-tono, har matan da aka ce 'yan ƙauye ɗaya ne aka sako su a ciki. Direba ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya kashe mota, ya sauko ya tafi neman abinci. Su kuwa suna can suna nuna wa juna yatsa, ruwa yana ta cika. Igiyar ruwa ta farko ta lashi sarƙar katafilar ta koma. Ta biyu ta zagaye ta. Masunta suna ta kiran a cire motar, ba wanda ya saurare su. Kafin direba ya dawo yana sakace, rabin sarƙar ya nutse cikin yashi, ruwan gishiri ya shiga inji. Ya hau ya murza makulli, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya sauko ya ce shi lokacin tashinsa ya yi.

Aka ce gobe za a zo a ciro ta. Amma abin da zai ciro katafila sai wata katafilar, ita kuwa babu. Gishiri ta ce Kwakwa ce ta nutsar, ita za ta biya. Kwakwa ta ce mota ta wanda ya saya ce. Aka kafa kwamiti. Aka ɗauke Mai Igiya aka mai da shi kasuwar kifi, aka mai da Mai Fenti wajen masu kwasar shara. Bakin teku ya zauna ba jami'i.

Sallau dai ba shi da inda za shi. Ɗakin hayar zango an ba wani. Da farko inuwar katafilar kawai suka fake a ciki don rana. Da hadari ya haɗo, Ladidi ta hau ta leƙa ɗakin direba, ta ga gilashi ta ko'ina, ga ƙofa mai rufuwa, ga kujera mai laushi, ruwa ko ɗigo ba ya shiga. Ta ce, "Malam, miƙo katifar." Da ruwa ya cika kuwa, sai ya zagaye su ya koma, su suna can sama ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba.

A hankali wurin ya zama gida. Sallau ya tsinto sauran zana da kwanon da bai lalace ba ya kewaye ta, ya fitar da zaure ta gefen tudu. Cokalin gaba ya zama tukuba, ya ce bai taɓa samun wadda ke riƙe zafi irinta ba. Masu saye suna zama a kan sarƙa. Ladidi ta shuka kabewa ta hau ta lulluɓe inji, kaji suka sami wurin ƙwai a ƙarƙashi. A nan ta haihu, ta sami 'ya mace, a nan aka yi suna, Alhaji Barau ya zo ya yi addu'a yana ta sunkuyar da kai. Ciniki ya dawo fiye da da. In ba wanda ya san tarihin wurin ba, ba mai cewa akwai mota a ciki. Sai hannun ƙarfen da ke ɗaga cokali kaɗai ya fito fili, shi ma Ladidi ta ɗaura masa igiya.

Ana nan, sai garuruwan biyu suka gaji da kwamiti suka ce maganin abin a naɗa jami'i ɗaya ya riƙe bakin tekun gaba ɗaya. Aka kawo wani matashi daga babban birni, ɗan gayu, da baƙin tabarau da takalmi mai tsini wanda yashi ke ta shiga. Bai san kowa ba, bai san komai na wurin ba, amma ya zo da zafinsa. Ranar farko da ya fito zagaye, ina zaune a kan sarƙa ina cin tsire. Ya tsaya ya dubi zana, ya dubi kwano mai tsatsa, ya dubi kabewa da kaji, ya dubi zannuwa da kayan jaririya da ke kaɗawa a sama. Ya cire tabarau.

"Wane ne mai wannan ƙazantar?"

Sallau ya ajiye wuƙa ya goge hannu. "Ni ne, yallaɓai. Sannu da zuwa."

"Wa ya ba ka izinin gini a nan?"

"Ba ni na kawo shi ba, yallaɓai. Hukuma ce ta ajiye, ni shiga kawai na yi."

"Kada ka raina mini hankali! A wane gari kake, Kwakwa ko Gishiri?"

"Su ma abin da suke ta taro a kai ke nan."

Matashin ya fusata, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya nuna Sallau da tabarau ya ce, "Ka saurare ni da kyau. Ni ba irin waɗanda ka saba da su ba ne. An faɗa mini hukuma tana da katafila. Gobe da sassafe zan sa a kawo ta ta baje wannan bukkar, har ƙasa!"

Sallau ya ɗaga kai ya dubi igiyar da ke sama, sannan ya dubi jami'in cikin ladabi.

"Allah ya kai mu, yallaɓai. Sai dai a bari sai la'asar, maiɗakina ta yi shanya a kanta."